Ranar da Baba Nicholas Ya Riga Ruwa Zuwa Tungar Baushe

Nicholas Davou bai iya iyo ba. Shekararsa sittin da bakwai, arba'in da biyu daga ciki ya yi su a unguwar Nasarawa, taku ɗari biyu daga bakin Kogin Kaduna, amma ko sau ɗaya bai taɓa shiga ruwan ya wuce masa gwiwa ba. Idan aka tsokane shi sai ya ce shi mutumin dutse ne, a garinsu kogin nan rafi ne da yara ke tsallakewa da ƙafa, bai ga dalilin da zai sa ya yi wasa da shi ba bayan ya girma ya yi ƙarfi.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoma da masu kiwon kifi na bakin kogi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Aikina na yau da kullum akawu ne a wata makarantar sakandare a unguwar Television. Abin da zan faɗa a nan, wanda na gani da idona na gani, wanda ban gani ba daga bakinsa na ji, na kuma rubuta kowanne a makon da ya faru.

Daga wani ƙauye na Jihar Filato ya zo, kusa da inda kogin yake tasowa. Ya yi shekara ashirin da biyu a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri. Da aka rufe masaƙar bai koma gida ba. Ya sami fili a gangaren kogi, ya haƙa kududdufi biyu, babba da ƙarami, ya shiga kiwon tarwaɗa. Matarsa Juliana, wadda kowa ke kira Maman Debby, tana sayar da kayan miya a kasuwar unguwa. 'Ya'yansu uku duk sun yi aure sun bar gari.

A daminar 2012 ya je gida jana'izar kawunsa. Kwana biyu ana ruwa kamar ba za a daina ba, rafin garinsu ya cika ya haura gada. Ya shiga mota ya dawo Kaduna, ya tarar da rana tana haske, mata suna wanki a bakin kogi. Bayan kwana biyu ruwa ya shigo mana har cikin ɗakuna. Ranar muna tsaye a kan titi da katifu a ka, ya juyo ya ce mini, "Sakatare, ruwan nan na san shi. Tare muka taso daga gida, na riga shi isowa ne kawai. Da na buɗe baki tun shekaranjiya."

Maganar nan ta zauna masa. Da rani ya yi sai ya sayi fenti kala uku, ya kama hanya. A kan wani dutse a rafin garinsu ya ja layi uku, fari a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a sama, ya ɗora wa ƙaninsa Wilson, manomin dankali, aikin dubawa safe da yamma. A yankin Kauru, inda kogin ya riga ya haɗiye rafuka da yawa, ya sami Eunice, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauye da ke kusa da wata gada, ya ja layukansa a jikin ƙafar gadar. Na uku ya ja a wani ƙaton dutse a nan Nasarawa. Inda zai sa kowane layi bai ƙirƙira da kansa ba. Tsofaffin kowane wuri ya tambaya, su nuna masa inda ruwa ya tsaya a shekarun da ya yi ɓarna.

Na huɗu ya fi wuya. Ya ce ruwan ba a Kaduna yake ƙarewa ba, akwai mutane a ƙasa da mu. Wata mai sayar da bandar kifi ce ta ba shi lambar wani masunci, Malam Zakariyya'u, a Tungar Baushe, wani tsibiri a tsakiyar kogin bayan an shiga Jihar Neja, mai gida kamar talatin da biyar. Ta waya ya kwatanta masa yadda ake jan layin, ya aika masa da ragowar fentin. Tun daga nan kullum ƙarfe shida na safe da shida na yamma waya ke gangarowa daga Filato, ta bi ta Kauru, ta zo Nasarawa, ta wuce Neja. Ni nake rubutawa. Da muka tara shekara uku muka ga cewa daga Wilson zuwa Eunice ruwa yana cin kwana ɗaya, daga Eunice zuwa gare mu awa goma sha biyu ko sha uku, daga nan zuwa tunga awa goma sha bakwai zuwa ashirin.

Shi da Zakariyya'u sun yi shekara tara suna magana sau biyu a rana ba su taɓa ganin juna ba. Gaisuwarsu ɗaya ce. Baba Nicholas ya ce, "Nasarawa ce." Wancan ya ce, "Tunga na ji." Sai a faɗi launi. Idan fari ne sai su ɓata sauran kuɗin wayar da tsokana. Zakariyya'u ya ce kifin da aka ba abinci da hannu ba kifi ba ne, kaza ce mara gashi. Baba Nicholas ya ce wanda yake zaman jiran abin da kogi ya ga damar ba shi bai kamata ya yi wa mai sana'a dariya ba.

Doka ɗaya ce a aikin, kuma shi ya kafa ta. A shekara ta biyu an tura saƙon tes ga wani da ke taimaka wa Eunice, bai buɗe ba sai washegari, mutanen wajen suka rasa awaki. Daga nan ya ce babu tes, babu ɗan aike. Duk wanda labarin ja ya iso masa, ba ya taɓa kayansa, ko tsinke, sai ya ji muryar na ƙasa da shi ya maimaita masa maganar da bakinsa. An karanta dokar a taro, kowa ya ɗaga hannu. Lokacin babu wanda ya ga wuyarta, tunda kiran waya minti ɗaya ne.

Ranar Talata, shida ga Satumba, ƙarfe shida da minti biyar na safe, Eunice ta kira. Ina tsaye kusa da shi da littafina.

"Baba, ja ne. Ya ma rufe jan, ba na ganin fentin."

"Wilson ya ce fari jiya da yamma."

"Ba daga Filato ba ne. A kan duwatsunmu ya sauka, tun magariba har asuba. Yanzu na ga bishiya sukutum ta wuce ƙarƙashin gada da saiwarta."

"Ja ne a Kauru, ya rufe layi," ya maimaita mata. "Na ji. Je ki kwashe magungunanki."

Wato ba mu da kwana ɗaya da rabin da muka saba samu. Awa goma sha biyu ne, ruwa zai iso mana wajen shida na yamma. Na tafi sanar da mai unguwa da fastoci da limamin masallacin gangare, kamar yadda muka tsara. Da na dawo bakwai saura kwata na same shi a inda na bar shi, waya a kunne.

Wayar Zakariyya'u a kashe. Lamba ta biyu da muke da ita ta ƙanin Zakariyya'u ce. Ya ɗauka, amma yana Minna, ya kai matarsa asibiti kwana huɗu ke nan. Shi ya gaya mana wayar yayansa ta faɗa ruwa ranar Litinin da dare, wani ya ba shi labari. Sauran masu waya a tsibirin ba sa samun sabis sai sun haye sun hau tudu, kamar yadda Zakariyya'u yake yi kullum ƙarfe shida, kuma babu mai hawa sai yana da kiran da zai yi.

A kududdufan Baba Nicholas akwai tarwaɗa dubu biyu da ɗari uku, wata biyar yana kiwonsu, saura mako uku a kwashe. Hanyar tsare su ɗaya ce: a kafa turaku a zagaye kududdufi, a ɗaura raga mai tsayi, ta yadda ko ruwa ya haura kifi ba zai fita ba. Aikin yini guda ne ga wanda ya iya, kuma ranar kowane namiji a gangaren yana fama da nasa.

Maman Debby ta fito da ragar a ka ta sauke a gabansa.

"Baban Debby, ga ta. Ka kama, in rana ta yi sai ka sake gwada wayar."

"Ba zan taɓa ba."

"Ka kira sau nawa?"

"Sha huɗu."

"To ka fita haƙƙinsu. Allah ma ya gani."

"Allah ya gani, Zakariyya'u bai ji ba."

Na sa baki. Na ce a je gareji a ba direba takarda. Ya ce motar da ke shiga wajen sai ranar kasuwa, Alhamis. Ko da an sami mai zuwa, wa zai tayar da gida talatin da biyar, da tsofaffi da masu jego, saboda baƙo ya kawo takarda, alhali sama tas babu ko gajimare? Na ce to ya yi ragar yau, gobe da sassafe ya tafi. Ya ce in duba littafina. Na duba. Ruwa zai kai tunga tsakanin sha ɗaya na safe da biyu na rana ranar Laraba. Tafiyar kanta awa biyar ce, hanyar kuma ba a binta bayan la'asar. Kwale-kwalensu huɗu ne kacal. Ko ya isa da rai gobe, zai tarar da su ne a tsakiyar ruwa.

"Mutumin da ba ka taɓa gani ba," in ji Maman Debby. "In ka gamu da shi a kasuwa ba za ka san shi ba."

"Shi ya sa zan je in gan shi."

"Kai da ko baho ba ka cikawa saboda tsoro, kai ne za ka shiga kwale-kwale?"

"Zan rufe ido."

Ta dube shi sama da ƙasa. Sai ta shiga ɗaki ta fito da takalmin robarsa da maganinsa na hawan jini a leda, ta cusa masa a aljihu. "Sha bayan ka ci abinci. In ka nutse kar ka dawo mini gida."

Ya bar garejin Television ƙarfe takwas saura ashirin. Wajen goma ya sauka a wata mararraba, ya sami ɗan acaba da ya yarda ya shiga da shi. Sau uku suna sauka su tura babur a laka. Ƙarfe ɗaya saura suka fito bakin kogi. Ya ce mini abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yadda ruwan yake kwance lafiya, yara na wasa a gefe, kifi shanye a kan raga a tsallake. Wani dattijo ya haye da shi. Ya zauna a ƙasan kwale-kwalen cikin ruwan da ya taru, ya riƙe gefe da gefe, bai buɗe ido ba sai da ya ji katako ya daki yashi.

Aka nuna masa wani ɗan gajeren mutum siriri a gindin bishiya yana ɗinkin koma. Shi a ransa shekara tara yana zaton ƙato ne, saboda muryar. Ya tsaya a bayansa, wandonsa na ɗigar ruwa, ya ce, "Nasarawa ce."

Mutumin bai juyo ba. Hannunsa ne ya tsaya. "Tunga na ji," ya ce. Sannan ya waiwayo, ya dube shi daga takalmi har hula. "Kai ne? Na ɗauka kana da tumbi."

"Ja ne a Kauru tun asuba, ya rufe layi. Zai kai Nasarawa shida na yamma. Gobe kafin azahar yana nan."

Zakariyya'u ya ajiye komar. "Ja ne a Kauru, ya rufe layi. Gobe kafin azahar. Na ji."

Ya tara dattawa a ƙofar masallaci. Ba duka suka yarda nan take ba. Wani tsoho ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce shekararsa saba'in a kan ruwan nan, bai ji warin ambaliya ba. Wani ya ce bandarsu tana kan wuta, in aka ɗaga ta yanzu ta lalace. Zakariyya'u ya ce sau huɗu mutumin nan yana gaya masa ja, sau uku ruwa ya zo kamar yadda ya faɗa, sau ɗaya ya tsaya a bakin rumbu. Tsohon ya juya ga baƙon.

"Malam, an ce kana kiwon kifi a bakin ruwa. Ka kwashe naka?"

"Ban kwashe ba, Baba."

"Wa ka bar wa?"

"Matata da wani akawun makaranta."

Aka yi dariya, har da tsohon. Sai ya miƙe da sandarsa ya ce a fara da masu ciki da makafi.

Abin da Baba Nicholas ya fi so ya ba da labari shi ne wanda ya biyo baya. Zakariyya'u bai shiga gidansa ba. Ya karɓi wayar baƙonsa, ya bi kwale-kwalen farko, ya hau tudu da gudu, ya kira surukinsa da ke wata tunga can ƙasa wajen madatsar ruwa. Sai da ya ji shi ya maimaita, sannan ya dawo ya fara kwance komarsa. Babu wanda ya ce masa ya yi. A lissafinmu Zakariyya'u ne na ƙarshe a layin.

Sawu goma sha ɗaya suka yi kafin faɗuwar rana, sauran da gari ya waye. Aka sauke mutane da awaki da buhuna a makarantar firamare ta kan tudu. Baba Nicholas ya yi dako tare da su daga bakin ruwa zuwa sama, amma bai sake shiga kwale-kwale ba bayan an haye da shi.

Mu kuma a Nasarawa, ni da Maman Debby da mata biyu daga zumuntar cocinsu muka yi abin da muka iya. Babban kududdufin muka haƙura da shi tun farko. Ƙaramin muka zagaye, amma turakun da na kafa ba su shiga ƙasa sosai ba, hannuna na biro ne. Ruwa ya taɓa jan layinmu ƙarfe shida da minti ashirin. Mutanen gangare duk sun riga sun fita, ba a rasa ko akuya ba. Muna tsaye a kan titi muka ga gefe ɗaya na ragar ya kwanta.

Ranar Laraba sha biyu saura kwata Baba Nicholas ya kira ni daga kan tudu. Ya ce in rubuta: ruwa ya rufe Tungar Baushe, sai rufin masallaci da kan bishiyoyi ake gani. Mutum ɗari biyu da takwas, an ƙirga su a filin makaranta, babu wanda ya rage. An rasa kaji da rumbu biyu. Sai da ya gama ya tambaya, "Can fa?"

Na gaya masa. Ya ce, "To. Ka rubuta wannan ma."

Ya dawo Alhamis da motar kasuwa. Da ruwa ya janye muka ja koma a ƙaramin kududdufin muka sami tarwaɗa ɗari biyu da sittin. A babban babu komai sai laka da takalmin wani. Maman Debby ta yi kwana uku ba ta yi masa maganar kifi ba, ba ta yi masa wata maganar ba ma. Amma ranar Lahadi, da fasto ya ce ko akwai mai shaida, ita ce ta miƙe. Ta ce ita dai ta auri mutum mai taurin kai, ta gode wa Allah, ta zauna.

Daga baya wata ƙungiya ta kira taro kan kogin, da wakilai daga jihohin uku, aka gayyace shi. Ya je da kwat ɗinsa ta coci, na bi shi da littattafai. Injiniyoyi suka yi ta juya shafuka suna ɗaukar hoto. Da aka tambaye shi abin da yake buƙata ya ce fenti mai ƙarko, da waya biyu-biyu a kowace tasha, ɗaya a leda. Yanzu tashoshin bakwai ne, har da ta surukin Zakariyya'u da wasu biyu a kan rafukan da ke shigowa tsakanin Filato da Kauru.

Mako biyar bayan ambaliyar aka kawo kwando daga tunga, an rufe da buhu, cike da bandar tarwaɗa. Da yamma ƙarfe shida waya ta yi ƙara, sabuwar lambar Zakariyya'u. Baba Nicholas ya sa ta a bayyane don mu ji.

"Ka ga saƙo? Naka ne, mun kamo maka. Ba su da wuyar ganewa, wawaye ne. Kana tsayawa a bakin ruwa sai su taso suna buɗe baki, suna jiran a zuba musu abinci."

"Dubu biyu na rasa. Ina sauran?"

"Sun wuce wajen surukina. Ka kira shi, ai yanzu kana da lambarsa."

Ban rubuta cewa kifinsa ne ba, don ba ni da hanyar tabbatarwa. Maman Debby ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shinshina, ta matso kusa da wayar.

"Malam Zakariyya'u, mun gode, Allah ya saka. Amma waɗannan ba namu ba ne. Namu sun fi haka ƙiba."

Ta zaɓi huɗu manya ta nufi kicin.